Kama da wane ba wane ba ne: Farautar ƙudan fure a dajin Amurum

Da misalin ƙarfe 9 na safe ne, rana ta fara ɗumama duwatsun dajin Amurum. Muna tafe a jere a kan wata siririyar hanya, ciyawa har gwiwa, raɓa ta jiƙa mana takalma sharkaf. Sai ɗaya daga cikin ɗaliban da ke tare da mu, wani ɗan aji biyu na babbar sakandare, ya daka tsalle ya koma baya yana kaɗa littafinsa, wai rina ce take neman harbinsa. Kafin ka ce kwabo layi ya watse, kowa ya yi ta kansa.

Abin da ya firgita mu bai ko motsa ba. Yana nan tsaye cak a cikin iska daidai fuskar mutum, kamar an rataye shi da zare. Jikinsa baƙi ne mai ratsin ruwan ɗorawa. Can sai ya yi fit ya ɓace, kafin ƙiftawar ido ya dawo daidai inda ya bari. Malamin ilimin halittu da ya jagorance mu ya yi dariya, ya ce kowa ya tsaya inda yake, kada wanda ya ɗaga hannu. Da ƙwaron ya sauka a kan wani fure, Malam ya ce mu matso a hankali mu dubi kansa. Manyan idanu ne suka cinye kusan dukkan kan, ga wasu gajerun ƙahonni da sai ka lura za ka gan su. Ashe ƙuda ne, ɗan'uwan wanda ke sauka a kan tuwo. Ba shi da ƙari, bai taɓa harbin kowa ba, kuma ba zai iya ba.

Wannan ƙuda muka je nema, kuma labarinsa muka kawo muku a wannan makon.

Wane daji ne Amurum?

Amurum ƙaramin gandun daji ne mai faɗin hekta kusan 300, kusa da ƙauyen Laminga a Ƙaramar Hukumar Jos ta Gabas, tafiyar kilomita 15 ko makamancin haka daga cikin garin Jos. A cikinsa Cibiyar Nazarin Tsuntsaye ta A.P. Leventis take, wadda aka fi sani da APLORI, da aka kafa a 2001 da haɗin gwiwar Jami'ar Jos da Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya da al'ummar Laminga. Yawancin baƙin da ke zuwa nan tsuntsaye ne ke kawo su. Suna zuwa da madubin hangen nesa, idonsu a kan rassan itatuwa. Mu kuwa ƙasa muka zuba wa ido.

Abin da ya sa wurin ya dace da irin aikinmu shi ne, a ɗan ƙaramin fili ka samu yanayi iri uku: duwatsu, da filin ciyawa mai gajerun itatuwa, da kurmi mai duhu a bakin rafi. Kowane yanayi da irin ƙwarinsa. Sannan ba a noma a ciki, ba a feshin magani. Mun je a ƙarshen damina, lokacin da ciyayi suka cika da furanni.

Ƙudan fure

Masana kimiyya suna kiran wannan dangi na ƙudaje Syrphidae. Turawan Ingila kuma suna ce masa hoverfly saboda yadda yake tsayawa wuri ɗaya a cikin iska. Mu a wannan shafi za mu kira shi ƙudan fure, domin a kan fure aka fi samunsa. Ku kula, ƙudan fure daban, ƙudan zuma daban. Duk da Bahaushe na kiran mai yin zuma da sunan ƙuda, a wurin masana shi dangin rina da zanzaro da tururuwa ne.

An san nau'in ƙudan fure kusan 6,000 a duniya, kuma kimanin 600 daga ciki a Afirka kudu da Sahara suke. Akwai ƙanana da ba su wuce ƙwayar shinkafa ba, akwai manya da suka kai girman ƙudan zuma ko suka fi shi. Manyansu ruwan zaƙin fure suke sha, su kuma ci garin fure. Macen tana buƙatar garin nan kafin ƙwayayen cikinta su ƙosa. Garin yawo daga wannan fure zuwa wancan ne suke kwasar garin a jikinsu su kai wa wani furen, wato barbarar da sai da ita tsiro ke yin 'ya'ya. Bayan dangin ƙudan zuma, suna cikin ƙwarin da suka fi yin wannan aiki.

Tsayawar nan da yake yi a iska kuwa, fukafukansa na kaɗawa fiye da sau 100 a cikin daƙiƙa ɗaya, shi ya sa ba a ganinsu sai dai wani ɗan hazo a gefen jikinsa. Yana iya yin gaba, ya yi gefe, har ya ja da baya kamar jirgi mai saukar ungulu.

Abubuwa biyar da za ku duba

Kafin mu ci gaba da tafiya, Malam ya zaunar da mu a kan wani falalen dutse ya sa kowa ya rubuta abubuwa biyar. Ya ce wanda ya riƙe su ba zai ƙara gudun ƙuda ba. Ga su kamar yadda muka gwada su da idonmu.

Na ɗaya, ƙahonni. Wannan ne ya fi sauƙi. Rina da zanzaro da ƙudan zuma suna da dogayen ƙahonni masu gaɓoɓi da yawa, kullum suna motsa su. Na yawancin ƙudan fure gajeru ne, kamar 'yan ƙulle-ƙulle biyu a tsakiyar fuska, kowanne da silin gashi ɗaya.

Na biyu, idanu. Na ƙudan fure manya ne, sun mamaye kai. Na rina da ƙudan zuma sun fi ƙanƙanta, suna gefe da gefe. Idanun nan kuma suna iya gaya muku namiji ne ko mace. A yawancin nau'o'in, idanun namiji suna haɗuwa a saman kai, na mace kuwa akwai rata a tsakani. Da ɗalibai suka gane wannan, sai gardama ta koma ta wa zai riga faɗin jinsin duk wanda ya sauka.

Na uku, fukafukai. Ƙuda kowane iri fukafukai biyu gare shi. Rina da ƙudan zuma huɗu gare su. Sai dai a nan akwai tarko, domin na gaba da na baya na ƙudan zuma suna sarƙe da juna da wasu ƙananan ƙugiyoyi, sai ka ga kamar biyu ne. Don haka kada ku dogara da ƙirga kaɗai. Ku duba bayan fiffiken. Idan ƙuda ne za ku ga wasu 'yan sanduna biyu masu dunƙulallen kai kamar ashana. Su ne suka maye gurbin fukafukan baya, kuma da su ƙuda ke daidaita kansa a iska. Idan rina ta sauka takan naɗe fukafukanta a tsaye su zama sirara. Ƙudan fure ba ya naɗewa: ko dai ya bar su a ɗan buɗe, ko ya kwantar da su a bayansa.

Na huɗu, ƙugu da ƙafafu. Rina da zanzaro suna da matsattsen ƙugu. Yawancin ƙudan fure ba su da shi. Ƙudan zuma kuma yakan tara garin fure ya zama dunƙule a ƙafafunsa na baya don ya kai gida. Ƙudan fure ba shi da gida, ba shi da 'ya'yan da yake ciyarwa, don haka ba za ku taɓa ganinsa da wannan dunƙulen ba.

Na biyar, jijiyar ƙarya. Wannan ce shaidar da masana suka fi dogara da ita, kuma sai da gilashin ƙara girma ko hoto mai kyau ake ganinta. Fiffiken ƙwaro yana da jijiyoyi kamar na ganye, kowace ta haɗu da wata. A tsakiyar fiffiken kusan kowane ƙudan fure akwai wani layi da ya miƙe a tsaye, ya ratsa wata gajeriyar jijiya, amma ƙarshensa bai haɗu da komai ba. Idan kun ga wannan layin, magana ta ƙare.

Akwai wani dangin ƙudaje da kan ruɗa mai koyo, su ma suna tsayawa a iska. Jikinsu butu-butu da gashi, wasunsu da dogon baki miƙaƙƙe kamar allura wanda suke zurawa cikin fure. Mun ga ɗaya a kan yashi, har wasu sun rubuta shi a matsayin ƙudan fure. Da aka duba hotonsa babu jijiyar ƙarya, sai aka soke.

Dalilin shigar burtu

Tambayar da kowa ya yi ita ce, me ya kai ƙuda sa rigar rina? Amsar tana wurin tsuntsaye. Tsuntsun da ya taɓa cafkar rina ya sha harbi ba ya mantawa. Daga ranar, duk abin da ya gani mai baƙi da ruwan ɗorawa sai ya kauce. Ƙudan da ya yi kama da rina sai ya tsira, ya hayayyafa, 'ya'yansa su gaji rigar. Wanda bai yi kama ba ya zama abincin tsuntsu.

Wanda ya fara bayyana wannan dabara a rubuce wani Bature ne ɗan Ingila mai suna Henry Walter Bates. Ya shafe shekara 11 a dajin Amazon na Kudancin Amurka, daga 1848 zuwa 1859, yana tattara ƙwari. Ya lura cewa wasu malam-buɗe-littafi da tsuntsaye ke iya ci sun yi kama da waɗanda tsuntsaye ke ƙyama, ya wallafa bayaninsa a 1862. Har yau da sunansa ake kiran irin wannan sojan gona a littattafan ilimin halittu.

Wani abin lura shi ne, ba kowane ƙudan fure ne ya iya shigar ba. Wasu kamar har ta ɓaci, wasu kuwa ratsin kawai suka ara. Masu kiwon tattabaru a cikinku za su so wannan: a 1993 wasu masu bincike a Ingila suka koya wa tattabaru bambanta hoton rina da na ƙuda, sannan suka riƙa nuna musu hotunan ƙudan fure iri-iri. A mafi yawan hotunan hukuncin tattabarun ya zo daidai da na mutane. Amma akwai nau'i biyu da mutane ke ganin ba su yi kama da rina sosai ba, su kuwa tattabarun suka ɗauke su rina sak. Wato idon tsuntsu ake so a ruɗa, kuma ba lallai ya ga abin da namu idon ke gani ba. Wani binciken da aka wallafa a 2012 daga Kanada ya nuna cewa manyan ƙudan fure sun fi ƙanana iya kwaikwayo. Dalilin da masu binciken suka bayar shi ne, babban ƙuda loma ce mai tsoka, tsuntsaye sun fi sa masa ido, don haka dole rigarsa ta fi kyau.

Ba tsuntsaye kaɗai aka ruɗa ba. Mutanen Girka da Rum na dā sun yi imani cewa ƙudan zuma na fitowa daga mushen sa. A 1894 wani masanin ƙudaje mai suna Osten Sacken ya yi bayanin cewa abin da suke gani yana tashi daga ruɓaɓɓen mushe wani ƙudan fure ne mai kama da ƙudan zuma. Don haka ɗalibinmu da ya daka tsalle kada ya ji kunya, manya sun riga shi.

Waɗanda muka ci karo da su

Daga ƙarfe 9 zuwa 12 na rana muka yi ta zagaye. Ga waɗanda muka iya ganewa.

A filin ciyawa, wanda ya fi yawa shi ne mai firgita mutanen nan. Sunansa Ischiodon aegyptius, kuma ya bazu a kusan ko'ina a Afirka. Tsawonsa wajen santimita ɗaya, siriri, cikinsa da ratsin baƙi da ruwan ɗorawa. Alamar da ta fi taimaka mana ita ce ƙirjinsa baƙi mai sheƙi, da layin ruwan ɗorawa mai haske a kowane gefe. Ku riƙe sunansa, za mu dawo kansa.

Kusa da rafi muka samu 'yan dangin Eristalinus. Su kakkaura ne, sun fi kama da ƙudan zuma. Da muka ƙara girman hoton ɗaya a waya, kowa ya yi shiru: idanunsa ruwan zinare ne da baƙaƙen ratsi kamar an zana da alƙalami. Wasu nau'o'insu ɗigo-ɗigo ne a idon maimakon ratsi. Duk ƙudan furen da kuka gani da ido mai ɗigo ko mai ratsi, ku fara zargin wannan dangi.

Wata ɗaliba mai kaifin ido ce ta gano mana ƙaramin cikinsu, wanda bai wuce milimita 5 ko 6 ba, yana shawagi ƙasa-ƙasa a tsakanin ciyayi. Ɗan dangin Paragus ne. Ba don ta durƙusa ba da mun wuce shi. Sai kuma wani siriri mai kumburarrun cinyoyin baya kamar ɗan kokawa, wato dangin Syritta, wanda tsutsarsa ke girma a cikin ruɓaɓɓen ganye da taki.

Ban da na farkon, ba mu rubuta cikakken sunan nau'in ko ɗaya ba, sunan dangi kawai muka sa. Malam ya hana. Ya ce nau'o'i da yawa sai an sa su a ƙarƙashin madubin ɗakin gwaji ake rarrabe su, kuma gara mutum ya rubuta dangi daidai da ya rubuta nau'i a kan kuskure. Wannan ƙa'ida ce da duk mai son aikin kimiyya zai riƙe.

A wani wuri da hasken rana ya ratso tsakanin itatuwa muka ga wani namiji ya tsaya a iska ya kama wuri. Duk ƙwaron da ya gifta sai ya bi shi da gudu, sannan ya dawo mazauninsa. Mace yake jira. A shekarun 1970 wasu masana biyu na Jami'ar Sussex da ke Ingila, Collett da Land, sun yi nazarin wannan bi ta hanyar harba wa mazan ƙananan abubuwa suna ɗaukar hotonsu. Sun gano cewa ƙudan yana nufar inda abin zai kai ne don ya tare shi a gaba. Mu ma muka gwada da ɗan ƙaramin tsakuwa. Sau biyu ya bi ta.

Aikin yana wurin tsutsa

Da a ce kyan gani ne kawai, da labarin ya ƙare a nan. Amma abin da ya fi shafarmu yana wurin 'ya'yansu.

A kan hanyarmu ta fita, bayan mun bar iyakar dajin, mun tsaya a gefen wata gonar wake, muka nemi izinin mai ita. Saman wasu tsirran ya yi baƙi da darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu laushi da ke taruwa a kan sabon toho suna tsotse ruwansa, su bar ganye yana danƙo. Duk ɗan manomi ya san su. Da muka juya ganyen, a tsakiyar darɓar sai ga wata 'yar tsutsa koriya, ba ƙafa, ba ido, gabanta siriri. Tana lalube hagu da dama. Da ta taɓa darɓa ɗaya sai ta soke ta, ta ɗaga ta sama, ta tsotse ta tas, ta yar da fatar.

Tsutsar ƙudan fure ce, irin ta su Ischiodon da Paragus. Uwar takan nemi inda darɓa ta taru ta saka fararen ƙwayayenta a wurin, don 'ya'yan su tashi a cikin abinci. Tsutsa ɗaya tana iya cinye ɗaruruwan darɓa kafin ta dunƙule ta zama kamar ɗigon ruwa a manne da ganye, daga nan ƙuda ya fito. A yanayin zafi, duk wannan makonni kaɗan yake ɗauka.

Kada ku raina darɓa. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, kuma darɓa na cikin manyan abokan gabansa. Irin darɓar da ke kama wake ita ce kuma ke yaɗa cutar nan da ke tsumburar da gyaɗa ta murɗe mata ganye, wadda manoma ke kira kuturtar gyaɗa. A 1975 annobar wannan cuta ta lalata gyaɗa a fili kusan hekta 700,000 a arewacin Najeriya. Ku tambayi kakanninku da suka yi noma a lokacin. Ƙudan fure shi kaɗai ba zai hana annoba irin wannan ba, amma yana cikin rundunar da ke rage darɓa kullum ba tare da an biya ta ko sisi ba.

Turawa sun auna girman wannan aiki a ƙasarsu. Wani bincike da aka wallafa a 2019, wanda aka yi amfani da na'urar rada, ya nuna cewa ƙudan fure da yawansu kan kai biliyan 4 suna ƙaura ta sararin samaniyar kudancin Birtaniya a shekara, kuma 'ya'yansu na cinye tiriliyoyin darɓa. A Turai har kiwon wasu nau'o'in ake yi ana sayar wa masu noman rumfa, wasu don su ci darɓa, wasu don barbarar furanni.

Ga inda matsalar take. Manomin da ya juya ganye ya ga tsutsa, abin da zai fara zuwa ransa shi ne ita ke cin waken. Sai ya ɗauko abin feshi. Yawancin magungunan ƙwari ba sa tantancewa, darɓa da mai cin darɓa duk suke kashewa. Darɓa kuwa ta fi saurin farfaɗowa, domin matanta suna haihuwar 'ya'ya kai tsaye ba tare da namiji ba, kuma 'yar da aka haifa yau cikin mako guda ita ma ta fara haihuwa. Sai ta dawo ta tarar babu mai cin ta. Akwai lokacin da feshi ya zama dole. Amma kafin a fesa, ya kamata a juya ganye a ga ko akwai masu aiki a wurin, a nemi shawarar malamin gona, a kuma guji fesa wa tsiro da tsakar safiya lokacin da ƙwari masu barbara suka cika furanni. A gidaje da yawa, ɗalibin sakandare ne mai karanta takardar da ke jikin kwalbar magani. Idan shi ya san bambancin, gonar gidansu ta sani.

Su kuma 'ya'yan Eristalinus a wani wurin suke aiki. Idan kun taɓa ganin wata farar tsutsa mai dogon wutsiya kamar ta ɓera a cikin kwata ko ruwan da ya kwanta ya yi wari, to ita ce. Wutsiyar bututun numfashi ce. Tana miƙa ta zuwa saman ruwa, ta ninka tsawon jikinta, ita kuma tana ƙasa tana tace ƙazanta. Daga wannan kwatar mai idon zinaren nan ke fitowa ya tafi kan furen mangwaro.

Yadda za ku fara

Ba sai kun je Amurum ba. Lambun makaranta, gonar bayan gari, fadama, duk akwai su. Amma idan kulob ɗinku na kimiyya ko na kare muhalli zai shirya ziyara zuwa wani gandun daji, to a rubuta takardar neman izini tukuna, a tafi da malami, a bi dokar wurin. Ba a tsinke fure, ba a fita da ƙwaro, ba a barin shara. A sa takalmi rufaffe saboda maciji da ƙaya.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne hantsi, a ranar da babu iska sosai. Ku nemi furanni buɗaɗɗu marasa zurfi, domin bakin yawancin ƙudan fure gajere ne. Albasa da karas da aka bari su yi iri, furen mangwaro a lokacin hunturu, da ƙananan furannin ciyawa farare da masu ruwan ɗorawa na bakin hanya, duk wuraren taruwarsu ne. Ku zaɓi wuri ɗaya ku zauna minti 10. Wanda ya zauna ya fi mai yawo gani. Kada inuwarku ta faɗa kan furen, kuma kada ku yi motsi da sauri.

Idan akwai waya, ku ɗauki hoto uku: daga sama don a ga ratsin ciki da jijiyoyin fiffike, daga gefe don a ga ƙafafu, daga gaba don a ga fuska da idanu. Idan babu, ku zana. Zane ma ya fi sa mutum lura. A kowane hali ku rubuta abu huɗu a littafi: kwanan wata, wuri, irin furen, da sunan wanda ya gani. Hoton da babu wuri da kwanan wata ba shi da amfani ga masana.

Kada ku kama komai da hannu. Mai koyo yana iya kuskure, kuma kuskure da rina ba daɗi. Idan kuna son dubawa da kyau a inda aka yarda, ku kifa kwalba mai haske a kan ƙwaron, ku rufe, ku duba a inuwa na ɗan lokaci, sannan ku sake shi a inda kuka same shi.

Akwai manhajar iNaturalist, inda ake ɗora hoton halitta da wurin da aka gan ta, masana daga ƙasashe daban-daban su taimaka da suna. Malaminku zai iya buɗe wa kulob ɗinku shafi. Ƙasar Birtaniya tana da nau'in ƙudan fure kusan 280, kuma an san inda kowanne yake ne saboda mutanen gari, ciki har da 'yan makaranta, sun shafe shekaru suna aika bayanan abin da suka gani. Afirka ta fi ta nau'o'i nesa ba kusa ba, amma masu dubawa sun yi kaɗan. Hoto ɗaya mai kyau daga Gumel ko Funtuwa ko Maraɗi yana iya cike gurbin da babu kowa a kansa a taswira.

Da muka koma mota, ɗalibin nan da ya daka tsalle da safe shi ne ya fi kowa yawan hotuna. A cikinsu akwai guda da ya nace ƙudan fure ne. Aka ƙara girman hoton, sai ga dogayen ƙahonni da matsattsen ƙugu. Rina ce ta gaske, kuma ya kai mata waya har kusa da hanci. Malam ya ce ya gode wa Allah, sannan ya sake karanta abu na ɗaya da na huɗu.

Aikinku na wannan makon: ku samu fure ɗaya a kusa da gida ko makaranta, ku zauna minti 10, ku rubuta ƙwari nawa suka sauka, nawa ne masu gajerun ƙahonni. Ku aiko mana da abin da kuka gani, da hoto ko zane, tare da sunan makarantarku da garinku. Za mu buga waɗanda suka fi kyau a wannan shafi, in Allah Ya yarda.